Ƙusa a Fankar Dattijo Gil

A unguwarmu ta kan tudu a birnin Daegu, duk fankar da ta shiga shagon Pyo Man-sik ba ta fitowa yadda ta shiga. Ko ƙura kawai ka kawo a kakkaɓe maka, sai ya kwance gindinta ya dasa wata 'yar ƙusa a bayan maɓallin agogo. Ka dai san maɓallin nan da ake murɗawa: rabin awa, awa ɗaya, awa biyu, in lokaci ya cika fanka ta kashe kanta. Can gefe kuma akwai wurin da in ka kai shi za ta yi ta juyawa har gari ya waye. To wannan wurin ne ƙusar Pyo take tarewa. Murɗa iya ƙarfinka, awa biyu ce iyaka. Ba ya neman izinin mai fanka, kuma in ka yi ƙorafi sai ya ce ka kai wani shagon.

Ba mai ganin laifinsa. Wa bai sani ba cewa in mutum ya yi barci a ɗaki rufe, fanka tana hura masa fuska, sai dai a tarar da gawa? Wasu su ce iskar numfashi take shanyewa, wasu su ce sanyi take tara wa jiki har zuciya ta tsaya. Pyo bai damu da wanne ne ba. Shi dai yana da kwalin takalmi cike da labaran da ya yanko daga jarida, duk shekara sai ya ƙara biyu ko uku, kuma in ka kuskura ka yi masa gardama sai ya sauko da kwalin ya zazzage maka a kan tebur. Shekara ashirin da shida yana gyara, ba a taɓa cewa ga wanda ya mutu a gaban fankar da ta bi ta hannunsa ba. Da wannan yake taƙama, don ba shi da mota, ba shi da gidan bene.

Sai ga zafin shekarar casa'in da huɗu. Ruwan damina ya ɗauke tun bai jiƙa ƙasa ba. Kwalta ta riƙa kama takalmi, gyare na ihu tun da asuba, mutane suka koma kwana a bakin rafi da tabarmi. Shagon Pyo ya cika da fankoki har bakin titi.

Ranar wata Talata da rana tsaka, Maman Hye-ran ta shigo rungume da wata tsohuwar fanka mai shuɗin fukafukai. Pyo ya gane fankar kafin ya gane matar. Ta dattijo Gil ce, abokin dararsa, wanda suka yi shekaru suna zama ƙarƙashin bishiyar bakin kasuwa suna cin juna suna zagin juna. Shekara biyu da suka wuce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da dattijon, hannun dama da ƙafar dama suka mutu, magana ta ɗauke. Ɗansa Tae-bok yana aiki a jirgin ruwa, sai ya yi wata takwas bai taka ƙasa ba. Saboda haka matar Tae-bok, Maman Hye-ran, ita ce take da wanki, take da goge kashi, take da ba shi kunu a baki, sannan da dare ta tafi masaƙa inda take aikin rini daga bakwai zuwa bakwai.

Ta ajiye fankar ta ce, "Kawu, ƙusar nan nake so ka cire."

Pyo ya ɗaga gilashinsa zuwa goshi. "Wa zai kwana a gabanta?"

"Baba."

Ta yi masa bayani tana kallon ƙasa. Wai ɗakinsu na saman bene da dare kamar tukunya yake, simintin ya sha rana ya yi ta amayar da zafi. Wai wata ma'aikaciyar jinya a asibitin unguwa ta gaya mata cewa tsohon da ba ya iya juyawa da kansa, a irin wannan zafi, dole iska ta kwana a kansa, kuma zancen fanka tana kisa tatsuniya ce. Da, 'yarta Hye-ran ce take farkawa ta sake murɗa maɓallin in ya ƙare. Pyo ya tambaye ta ina Hye-ran ɗin yanzu. Ta ce ta tura ta ƙauye wurin kakarta, yarinyar ta rame don rashin barci. Ya tambayi taga. Ta ce a buɗe take barinta da dare.

Pyo ya daɗe yana kallonta. Idanunta sun faɗa, yatsunta shuɗi da rini har cikin farce. Ya ce ta dawo ƙarfe biyar.

Da matarsa Gwi-nam ta kawo masa abincin rana, shinkafa da kimchi, wato kabeji mai tsami da yaji, da miyar kokwamba mai ƙanƙara, ya ba ta labari a kaikaice, kamar abin bai dame shi ba. Ai kuwa ya taɓo inda yake mata ƙaiƙayi. Gwi-nam ta ja kujera ta zauna, ta rage murya duk da ba kowa a shagon. Ta ce makon jiya an ga Maman Hye-ran a babbar kasuwa, a layin masu yadin rama, tana taya likkafani. Kowa ya san a watan ƙari, wata na sha uku da yake faɗowa a wasu shekaru, ake ɗinka wa tsoho likkafani don ya yi tsawon rai, to bana akwai watan ƙari? Babu. Sannan ta liƙe tagar ɗakin tsohon da jarida ruf, tsohuwa Bang mai gidan ce ta gani da idonta. Sannan wata rana an ji ta tana masa tsawa, har da jifa da kwano.

"Baban Yong-gu, shekara biyu fa tana kwashe kashin uban wani," in ji Gwi-nam, tana kiran Pyo da sunan ɗansu. "Ni ban ce komai ba. Amma ka lissafa da kanka."

Pyo ya ce ta yi wa bakinta linzami, ta kwashe kwanukan ta tafi. Tana fita ya fara lissafin. An kawar da yarinya. An toshe taga. An sayo likkafani. Ita kuma za ta kwana a masaƙa a gaban mutum arba'in da za su shaida ba ta motsa ba. Da safe a ce fanka ce, jarida ta rubuta layi uku, shi ke nan. Saura abu ɗaya ya rage mata, ƙusa, kuma a hannunsa take so ta samu. 

To ya zai yi? In ya je wurin 'yan sanda su ce ina laifin macen da ta kawo gyara. Tae-bok yana tsakiyar teku. In ya ce ba zai cire ba, ta gangara shagon yaran nan na bakin tasha, waɗanda ko uwarsu aka ce su kwance za su kwance, ko ma ta sa filaya ta fizge da kanta. Ya zauna yana juya sukundireba a hannu yana kallon fankar. Can sai ya yi murmushi.

Aikin bai ɗauke shi awa ɗaya ba. Ya cire ƙusar kamar yadda aka ce. Sannan ya zare maɓallin daga sandarsa ya mayar da shi a karkace, ya sake ɗaure agogon ta ciki, yadda in ka kai alamar wurin da aka rubuta ba tsayawa, a zahiri awa biyu ka ɗora. Ƙarar agogon nan mai tik-tik ita ce za ta tona asiri, don haka ya yanko robar tayar keke ya naɗe shi, ya cusa auduga. Ya kunna, ya kara kunne. Ba ka jin komai sai hurin iska. Gaskiya aikin ya yi kyau, kuma Pyo ya ji daɗin kansa ƙwarai.

Ƙarfe biyar ta zo. Ya murɗa maɓallin a gabanta har ƙarshe, ya nuna mata ƙusar a tafin hannunsa. Ya ce shi dai ya gargaɗe ta, ya kuma sake gargaɗinta. Ta rusuna ta yi godiya, ta rungumi fankar ta hau tudu.

Washegari tun bai gama buɗe shago ba sai ga ta, da kayan aiki a jikinta, ko wanka ba ta yi ba. Ta ce ta dawo ta tarar da fankar a tsaye, maɓallin ya koma farko. Baba ya jiƙe sharkaf har katifa, leɓɓansa sun tsage, da ƙyar ta samu ya haɗiye ruwa. Akwai fushi a muryarta. Pyo ya saurara da kyau. Ya lura ba ta ce an yi sa'a yana da rai ba. Abin da ya ji a kunnensa shi ne haushin wadda ta ɗana tarko ta dawo ta tarar bai kama ba.

Ya ce tsohuwar fanka ce, wataƙila injin ne yake ɗaukar zafi ya fizge maɓallin. Kada ta wahalar da kanta da ɗauko ta, shi zai hau da kansa da la'asar. Dama so yake ya ga ɗakin da idonsa.

Matakalar ƙarfe ce ake bi zuwa saman gidan tsohuwa Bang, kuma da la'asar ɗin nan ba a iya dafa ta da hannu. A sama akwai tulunan da ake adana miyar waken suya jere, da igiyar shanya cike da zannuwan gado, da 'yan ɗakuna biyu masu rufin kwano. Pyo ya cire takalmi ya shiga, wani zafi mai warin fitsari da man zafi ya daki fuskarsa. Ga taga nan kuwa, a rufe, an manna mata jarida ninki biyu. Ga wani ƙunshi a saman kabad, an naɗe shi da farar takarda, bai buƙaci a gaya masa mene ne ba. Da ta ga inda yake kallo, Maman Hye-ran ta ce da rana take rufe tagar saboda hasken da simintin yake watsowa, da yamma ta buɗe. Pyo ya gyaɗa kai kawai. Ai dole ta ce haka.

Dattijo Gil yana kwance a katifar ƙasa, ya zama ƙashi da fata. Mutumin nan da in ya ci ka a dara sai duk kasuwa ta ji dariyarsa. Pyo ya durƙusa ya ce, "Yaya, ni ne, Man-sik. Ka gudu ka bar ni da 'yan koyo." Bakin dattijon ya motsa, ba abin da ya fito sai miyau. Idanunsa suka tafi kan fankar, suka dawo kan Pyo, suka sake komawa kan fankar. Sai ya ɗaga hannun hagun da ya rage masa ya damƙi wuyan hannun Pyo, damƙa mai ƙarfin da ba ka zaci yana da shi ba.

Hawaye ya cika idon Pyo. Ya sunkuya kusa da kunnensa, lokacin da matar ta fita ɗebo masa shayin sha'ir, ya raɗa masa cewa ya kwantar da hankalinsa, ya gane komai, kuma muddin yana numfashi fankar nan ba za ta kwana a kansa ba. Dattijon ya ƙara matse hannun, yana wani gurnani a maƙogwaro. Pyo ya shafa masa kafaɗa ya zare hannunsa a hankali.

Ya kwance gindin fankar, ya hura ƙura, ya ɗiga mai, ya taɓa nan ya taɓa can don a ga yana aiki, ya mayar ya ɗaure yadda take. Maman Hye-ran tana tsugune a bakin ƙofa da kofin shayi a hannu biyu.

"Kawu, ka tabbata za ta kai safe?"

"Za ta kai."

"In ba ka tabbata ba ka gaya min. Sai in haƙura da aikin yau, in zauna in yi masa fifita. Ko za su kore ni su kore ni."

Pyo ya yi lissafi da sauri. In ta kwana a gida, ai dabararsa ta tashi a banza. Duk lokacin da fankar ta tsaya sai ta sake murɗawa, ta ja ƙofa, ta koma ɗaya ɗakin ta jira. Gara ta yi nisa da tsohon nan. Sai ya haɗe rai ya ce shekara nawa yana wannan sana'a, ita ce za ta koya masa? Ta tafi aikinta.

"Ka tabbata dai?" ta sake cewa.

"Na ce miki za ta kai."

A ranar rediyo ya ce ba a taɓa ganin zafi irin na yau ba tun da aka fara aunawa a zamaninmu. Pyo ya sauka matakala da sauƙin zuciya, har ya tsaya ya sayi kankana ya kai gida.

Da safe Gwi-nam ce ta faɗo shago ba ko ɗankwalin da take ɗaurawa don rana. Dattijo Gil ya rasu. Tsohuwa Bang ce ta hau ɗebo miya wajen ƙarfe shida, ta leƙa, ta gan shi baki buɗe. Ta ce fankar tana ta gurnani a kan fuskarsa, ita ce ta fizge wayar daga bango da hannunta. Pyo ya bar shago a buɗe ya hau tudu da gudu, abin da ya yi shekara goma bai yi ba.

Ya tarar da tsakar gidan cike. Wani matashin likita da aka kira yana rubutu a tsaye, yana cewa zafi ne ya kashe shi, jikin ya bushe, ko da aka taɓa shi da safe kamar an sauke shi daga wuta. Ba wanda ya kula shi. Likitocin yanzu me suka sani? Mata sun kewaye tsohuwa Bang tana maimaita labarin, kuma duk maimaitawa fankar tana ƙara ƙarfi. Pyo ya kutsa ya tambaye ta ko da gaske ta ga fukafukan suna juyawa. Ta ce haba, da me za ta gani in ba da ido ba? Ya tambayi taga. Ta yi jim, ta ce ita a ruɗe take, ba ta duba ba. Kafin rana ta take, tagar ta zama a rufe a bakin kowa.

Abin da ya fara zuwa ran Pyo shi ne matar ta gano dabararsa, ta sulale daga masaƙa cikin dare ta dawo ta ƙarasa aikinta. Ya hangi fankar a jefe kusa da kwandon shara, ba mai son taɓa ta. Ya ɗauke ta ya sauka da ita shago, ya ja ƙofa rabi. Ya kwance. Robar keke tana nan yadda ya naɗa, auduga tana nan, agogo ya sauka har ƙarshe. Ya ɗaure, ya sa a wuta, ya murɗa har wurin ba tsayawa, ya duba agogon hannunsa, ya zauna. Masu kawo gyara suka yi ta leƙowa yana korarsu. Awa biyu cif, fankar ta yi ƙas, fukafukan suka yi juyi uku huɗu suka tsaya. Nan da nan gumi ya karyo masa daga wuya. Ko minti biyar ba a yi ba rigarsa ta manne da baya, alhali shi a ƙasa yake, cikin inuwa, ƙofa a buɗe, kuma yana iya miƙewa.

Duk da haka bai saki zarginsa ba, don in ya sake shi ya san abin da zai rage masa. Ya je gidan wata mata da suke layi ɗaya da Maman Hye-ran a masaƙa, ya tashe ta daga barci, ya yi ta zagaye kafin ya tambaya. Matar ta ce ko fitsari Maman Hye-ran ba ta fita ba jiya, injinsu ya yi ta cin zare har safe. Ta ce ma a lokacin hutun cin abinci tana ta yabonsa, wai yau hankalinta kwance, Kawu Pyo da kansa ya hau ya duba. Da ya kawo zancen likkafani, matar ta yi tsaki ta ce ai Tae-bok ne ya rubuto tun watan uku ya ce a saya a ajiye, kuma ita ta raka ta kasuwar. Pyo ya yi sallama ya fito. Bai san ta wace hanya ya koma shago ba.

Jirgin Tae-bok yana kusa da tashar jiragen ruwa ta Busan, don haka ya iso a rana ta biyu ta zaman makoki. An kafa rumfa a tsakar gidan tsohuwa Bang, an shimfiɗa tabarmi, maza suna shan giyar soju suna buga kati, ana ta zuba jar miyar nama. Kafin nan Gwi-nam ta gama raba labarin ƙusa gida gida, kuma da alfahari take rabawa, don mijinta ne ya yi gargaɗi. Maman Hye-ran tana cikin kayan makoki na rama, tana kai kwanuka tana kwasowa. Pyo ya lura in ta miƙa miya, mata sai su kau da kai su bar ta ta ajiye a ƙasa. 'Yan'uwan mijinta sun zauna gefe guda ba mai mata magana.

Pyo ya shiga ya kunna turare a gaban hoton dattijon, ya faɗi ya yi gaisuwa biyu, ya juya ya gaisa da Tae-bok. Yana ƙoƙarin fita sai matar ta tare shi a bakin ƙofa da kwanon miya. Ta rusuna har ƙasa. Ta ce masa, a hankali yadda shi kaɗai zai ji, da ta saurare shi. Shi ya gargaɗe ta sau biyu, ita ta biye wa 'yar asibiti, ga shi ta kashe Baba da hannunta. Ba kuka take ba, kukan ya ƙare mata.

Ya karɓi kwanon ya je ya zauna. Ya kasa ɗaga cokali.

Tae-bok ya fito ya zo ya durƙusa a gabansa. Ƙato ne, rana ta ƙona shi, ya sha amma bai bugu ba. Masu kati suka tsaya.

"Kawu, kai abokin mahaifina ne, ba za ka yi min ƙarya ba. Da gaske ita ta ce ka cire ƙusar?"

Kalma ɗaya ake nema, kuma gaskiya ce. In ya ce eh ya yi shiru, ba wanda zai taɓa sani. Fankar tana shagonsa, sukundireba yana hannunsa. Zai ci gaba da zama Pyo Man-sik wanda ba a taɓa mutuwa a gaban fankarsa ba, ita kuma kafin kwana arba'in da tara na makoki su cika an kore ta daga gidan, an raba ta da 'yarta. Ya ɗaga ido ya gan ta tsaye bayan mijin da tire a hannu, kanta a ƙasa, tana jiran hukunci.

"Ta ce in cire," in ji Pyo. "Na cire. Amma fankar ba ta kwana tana juyawa ba. Na karkata maɓallin ta ciki ba ta sani ba. Wajen ƙarfe bakwai ta kunna, ƙarfe tara ta tsaya. Ni na tsayar da ita. Zato na yi so take ta kashe shi."

Kowa a tsakar gidan ya ɗauki magana lokaci guda. Tsohuwa Bang ta miƙe tana dukan ƙirji, wai ita za a mayar maƙaryaciya a cikin gidanta? Wani dattijo ya ce Pyo mutumin kirki ne, rufa wa yarinyar asiri yake. Wani ya ce to ai awa biyun ma ta isa kisa in ɗaki a rufe yake. Gwi-nam tana jan rigarsa ta baya tana cewa zafi ne ya taɓa masa kai. Tae-bok ya tsaya durƙushe yana kallon wannan yana kallon wancan, bai san wa zai shaƙe ba.

Mutum ɗaya ce ta yarda da shi nan take. Maman Hye-ran ta ajiye tiren a kan tabarma, ta zagayo ta tsuguna daidai fuskarsa. Tun da ya san ta, ranar ce ta fara kallonsa ido cikin ido.

"Ƙarfe tara?"

"Tara."

Ya ga leɓɓanta suna motsi, tana ƙirgawa da shuɗɗan yatsunta a kan gwiwa. Goma, sha ɗaya, sha biyu. Ta ƙirga har shida na safe.

"Ba ya iya juyawa, Kawu. Ko kofin da na ajiye masa ba ya iya kaiwa baki sai an tallafe shi." Ta janye hannunta daga gwiwa. "Na ce maka zan zauna. Maficina a gefena yake lokacin da na tambaye ka."

Pyo ya tuna damƙar nan a wuyan hannunsa, da idanun da suke zuwa kan fanka suna dawowa kansa, da abin da ya sunkuya ya raɗa wa mutumin a kunne. Dattijon ya ji shi sarai. Tun la'asar ya san abin da zai same shi ƙarfe tara, kuma ba shi da bakin gaya wa kowa.

Daga can bayan rumfa wata ta ɗaga murya ta ce sabbin baƙi sun iso, a kawo miya. Maman Hye-ran ta miƙe, ta ɗauki tirenta, ta ɗauke har da kwanon da ta ba shi, wanda bai taɓa ba, ta wuce kicin.